Motar Ɗauko Mai Jego

Duk faɗin Gwallaga ba a taɓa samun wanda ya ji Ladan Mai Labule ya ce bai iya abu ba. In ana zancen gini shi magini ne, in ana zancen ciwo likita ne, in kuwa aka shiga zancen mota, to sai dai a gyara zama a kan benci, don ba a tashi sai an kira salla. Alhali abin hawan da ya taɓa mallaka a duniya wani tsohon babur ne da sai an tura shi yake tashi. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Hannunsa a sake yake, ga fara'a, ga zumunci. Bakinsa ne kawai yake riga hankalinsa fita.

Babur ɗin nan shi ya ja masa. Ranar da naƙuda ta kama matarsa Ruƙayyatu, maƙwabta suka ce a tsayar da keke napep, Ladan ya ce a bar shi da ita, babur ɗinsa ya fi kowane keke sauri, kuma tankinsa cike yake. Ba su kai rabin hanyar asibiti ba mai ya ƙare. Wata mata mai wucewa ce ta sauka daga keken da ta tara ta bar musu, shi kuma ya bi su a baya yana tura babur yana haki. Allah ya sauke ta lafiya, aka sami 'ya mace, aka sa mata A'i. Amma labarin babur ya riga Ladan isa Ƙofar Dumi, gidan surukansa.

Surukarsa Inna Fatu Bafulatana ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai mutum ya kwana tana yi masa zafi. Da aka watse daga suna ta tattara 'yarta da jikarta za ta tafi da su gida wankan jego, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Kafin su fita ta sa aka kira Ladan. Ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Ranar arba'in," in ji ta, tana kallon bango, "a zo da mota. Ko ta aro ce. In babur na gani, sai ta ƙara wata arba'in ɗin a wurina, ba ta yi mini nauyi ba."

Mai hankali "to, Inna" zai ce ya tashi. Ladan kuwa sai kalmar aro ta tsaya masa a maƙogwaro.

"Aro kuma, Inna? Ai da motata zan zo. Irin wadda ba a taɓa shiga lungunku da ita ba."

"Allah ya nuna mana," ta ce.

Abin da Ladan bai gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar da aka tafi da Ruƙayyatu gidan ya yi masa faɗi. Ya dawo daga shago ya yi sallama, ba mai amsawa. Ya sayo tuwon kasuwa ya ci rabi ya ture. A majalisa yana cewa ai yanzu ya huta, ya zama ɗan sarki, amma a ransa in aka ce a ƙara masa wata arba'in, bai san yadda zai yi da kansa ba.

Ya sayar da babur, ya karyar da rabin kayan shagonsa, ya shiga neman mota. Abokinsa Mansir, mai sayar da katifa a shagon da ke jikin nasa, ya ba shi shawara.

"Ka nemi 'yar Kwatano mai ƙofa huɗu, wadda kowane bakanike ya san cikinta. Ka sa iyali, ka sa kaya, ka rufe."

"Wannan ai motar 'yan fansho ce," in ji Ladan. "Ni na yi maka kama da wanda ya ajiye aiki?"

Ana nan sai aka kira shi ɗaura labule a wani gida a GRA. Yana kan tsani ya leƙa ta taga, ya hango ta a gindin mangwaro: wata 'yar mota ja jawur, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare, ba ta da rufi ko kaɗan. Saura ƙiris ya faɗo daga tsanin. Ta Abdulsalam ce, ɗan mai gidan, ya zo da ita daga wurin karatu kuma ta ishe shi. Kuɗin da ya faɗa bai kai na tsohuwar 'yar Kwatano ba. Duk wanda ya ji araha irin wannan sai ya tambayi dalili. Ladan ya ɗauka sa'arsa ce ta tashi.

"Malam Ladan, ka dai duba ta da kyau," in ji Abdulsalam. "Musamman rufin, yana nan a naɗe a baya, amma..."

"Ai na san irinta, ranka ya daɗe. Maɓalli ake dannawa ya fito."

"E, da can haka ne. Sai dai yanzu..."

"Bar ni da ita."

"Kayan gyaranta kuma a garin nan..."

"Ranka ya daɗe, ba ni makulli."

Ya zaga da ita a titunan GRA, masu santsi da inuwar itatuwa, iskar la'asar tana kaɗa shi. A idonsa har ya ga Ruƙayyatu a gefensa tana murmushi, ya ga mutanen Ƙofar Dumi sun fito ƙofar gida baki buɗe. Bai leƙa ƙarƙashinta ba, bai buɗe but ɗin zuba kaya ba, bai taɓa maɓallin nan ba. Ya biya, ya kama hanyar gida.

Yana hawa babban titi ya taka mai, iska ta ɗauke hularsa, sabuwar zanna, ta jefa ta bayan wata motar yashi. Ya ɗaga hannu zai cafko ta, hannun babbar riga ya cika da iska ya lulluɓe masa fuska. Da ƙyar ya yaye ya ga hanya. Yana shigowa Gwallaga ya tarar da tudun nan da mutanen unguwa suka gina a titi don rage gudun masu babur. Tayoyin gaba suka haye, na baya ba su iso ba, cikin motar ya zauna daram a kan tudun. Ya taka mai, ta yi gurnani, ba ta motsa ba. Sai da 'yan acaba suka faka suka ɗaga ta kamar gado, shi yana ciki yana ba su umarni.

Haka aka sauke shi a ƙofar shago. Azumi mai ƙosai, tsohuwar da ke suya a bakin layin, ta ajiye matsami ta taho da sauri tana salati.

"Sannu, Ladan! Allah ya tsare gaba. Babbar mota ce ta hau ta?"

"Wa ta hau, Iya?"

"Ai ka auna arziki, ɗan nan. Kan motar duk ya tafi, kai ko ƙwarzane."

"Iya, haka aka ƙera ta!"

"Haka? To su masu ƙerawar kuɗi ne ya yanke musu?"

'Yan majalisa suka kewaye ta. Wani ya ce a-kori-kurar 'yan gayu ce. Mansir bai yi dariya ba, ya zaga ta, ya sunkuya, ya miƙe.

"Kujera nawa?"

"Biyu. Ni da uwargida. Taron siyasa za mu je?"

"Buɗe but mu gani."

Aka buɗe. In ka sa dadduma da kular abinci, to ya cika.

"Ka ɗaga rufin ka gani kafin ka biya?"

"Wa yake sayen irin wannan don ya rufe kansa? Ai don a gan ka ake sayenta."

"Damina fa muke ciki, mutumina."

"Gudunta ya fi na ruwa. Kafin ɗigo ya sauko na wuce."

"In ta lalace wa zai gyara maka?"

"Mansir, hassada ba ta yi maka kyau."

Ba ta iya haye kwatar ƙofar gidansa ba, don haka a gindin darbejiyar bakin layi take kwana. Kajin unguwa suka ga an kawo musu akurki mai laushi. Washegari Ladan ya fito cikin farar shadda, ya yi tsalle ya faɗa kujera don ya nuna wa masu wucewa cewa ba sai an buɗe ƙofa ba, ya ji wani abu ya fashe a ƙarƙashinsa. Ya koma ya canza wando. Ranar Juma'a ya faka ta a rana ya shiga masallaci, da aka sallame ya fito ya zauna a kan baƙar fatar kujerar da ta sha zafi, ya zabura ya miƙe tsaye yana kiran sunan Allah a gaban jama'a. Ya ce musu addu'ar hawa mota yake yi.

Sai ruwa ya kwana yana zuba. Da safe ya tarar da kujeru sun jiƙe sharkaf, takalmin da ya bari a ciki yana yawo a kan ruwa. A ranar ne dai ya danna maɓallin. Motar ta yi wani kuka, wani baƙin tsumma ya fara leƙowa daga baya, yagagge, yana warin ruma. Ɓeraye suka yi ta dirowa suna neman hanya, mata masu kallo suka watse da ihu. Rufin ya taso rabi, ya yi tunani, ya koma ya kwanta.

Ya zaga wurin kanikawa. Na farko ya ce a gwada Jos. Ya buga waya Jos, aka ce sai Legas. Na Legas ya ce ya turo hoton motar, da ya gani bai sake ɗaukar waya ba. Arba'in kuwa ta matso.

"Ka bar ta a gida," in ji Mansir. "Ga motar wana, zan karɓo maka ita, ka ɗauko iyalinka lafiya lau."

"Ni da na ce wa Inna ba aro? Kai, ka manta sana'ata? Mutumin da ya rufe tagogin GRA ne zai kasa rufe 'yar wannan?"

Ya zaro sandunan labule masu ruwan zinariya, ya ɗaure guda huɗu a kusurwoyin motar da igiya. Ya ɗauko labulen falo mafi tsada a shagon, mai nauyi, ruwan ƙwai, mai geza da tuntaye, ya shimfiɗa a sama ya sako shi ta gefe. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallo. Azumi mai ƙosai ta ce tun da take ba ta taɓa ganin gadon amarya yana tafiya da kansa ba.

Ranar arba'in Ladan ya sha wanka, ya sa babbar riga mai aiki, ya ɗaure sabuwar hula da zare ta ƙarƙashin haɓa. Ya gayyaci duk 'yan majalisa su bi shi a kan acaba, don su zama shaida. Gabas ta fara haɗa hadari. Mansir ya nuna masa, Ladan ya ce wannan ai na Gombe ne, ba zai iso ba.

Lungun Ƙofar Dumi ba a yi shi don mota ba. Madubin dama ya gaisa da katanga ya zauna a can. Masu babur suka yi ta maƙalewa a jikin bango suna ba gado hanya, maƙera da masu ɗinki suka bar aiki suka biyo baya. Kafin ya isa ɗan filin ƙofar gidan surukansa, rabin unguwa na bayansa.

Surukinsa Baffa Hammajoda yana zaune a kan tabarma da dattawa. Ladan ya yaye labule zai fito da ƙasaita, bakin rigarsa ya sarƙe a sandar giya, motar kuma a ƙasa take, sai ga shi ya zubo da hannuwa da gwiwoyi. Ya rasa yadda zai miƙe, sai ya ƙarasa gaban tabarmar da rarrafe.

"Ya isa, ya isa," in ji Baffa. Ya dubi dattawa. "Yaron nan akwai ladabi."

Mata suka fara fito da garar da za a raka mai jego da ita: buhun gero, buhun shinkafa, kwalaben man shanu, ƙoren daddawa da kuka, bahon wankan jaririya, akwatuna, da wata tunkiya da Baffa ya ba jikarsa ta fara kiwo. Aka jere su a gefen motar. Buhun gero kaɗai ya fi but ɗin girma. Aka ɗaure tunkiyar a jikin ɗaya daga sandunan zinariya, ta sa baki ta fara ɗanɗana geza.

Inna Fatu ba ta fito ba, ta tsaya daga cikin zaure. Wadda ta fito ita ce Kaka Matta, ƙanwar kakar Ruƙayyatu, tsohuwa mai jiki, mai baki, wadda take wasan jika da Ladan tun ranar aurensa. Tunda suruka ba ta ja-in-ja da mijin 'yarta, sai Inna take magana ta bakin Kaka, ko da yake kowa yana jin ta.

"Kaka, a tambaye shi ina motar."

"Maigidan, an ce ina motar?"

"Ga ta nan, Kaka."

"Wannan da aka yi wa lulluɓi? Rasuwa ta yi?"

"A tambaye shi mutum nawa take ɗauka," in ji Inna.

"Biyu, Inna," Ladan ya amsa da sauri. "Ni ina tuƙi, ita tana nan gefena, ta rungume yarinyar a cinya. Kafin ku rufe ƙofa mun isa."

Wata mata ta rufe baki da mayafi.

"'Yar fari?" in ji Kaka Matta. "A cinyarta? A tsakiyar gari kowa yana kallo? Kai, a ina aka raine ka?"

Sai a lokacin Ladan ya tuna. Wa bai san kunyar ɗan fari ba? Uwa ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, balle a gidan Fulani inda abin ya fi tsanani. Shi kansa tunda aka haifi yarinyar nan bai taɓa miƙa hannu ya karɓe ta ba, sai dai ya saci kallo. Tsohuwa ce take riƙe jaririya ta raka mai jego, ta kwana biyu tare da su. Ladan ya san wannan sarai. Jan fentin mota ne ya share masa shi daga kai.

"To ai sai in yi sawu biyu," ya ce.

"Ka kai uwar ka bar mai tsotso, ko ka kai mai tsotso ka bar nonon?"

"To ku matsa ku biyu a kujera ɗaya."

Kaka Matta ta dubi kujerar, ta dubi jikinta. "Bari in gwada ni kaɗai tukuna."

Ta tattare zani, ta juya baya, ta saki jiki. Ta yi ta tafiya ƙasa ba ta iske kujera ba, sai can aka ji tim. Motar ta karkace gefe guda. Gwiwoyin Kaka suka zo daidai haɓarta.

"Wayyo Allah! A ƙasa na zauna! Maigidan, rami ka saya?"

"Haka ake zama a cikinta, Kaka. Zaman Turawa ne."

"A tambaye shi iska fa," in ji Inna daga zaure, muryarta ta ɗan tashi. "Itacen da na ƙona safe da yamma ina dafa wa yarinyar nan ruwa, don kada sanyi ya shige ta. A tambaye shi a wannan abin zai kaɗa mini ita?"

Ladan ya ji an zo fagensa. Ya bubbuga labulen da tafin hannu.

"Inna, wannan labulen ko guguwa ba ta ɗaga shi. Ni na ɗaure shi da hannuna."

Bai san tunkiya ta gama da geza ta koma kan igiya ba. Iskar hadari ta shigo lungun da ƙarfinta, labulen ya kumbura, sanda ɗaya ta tsinke, sauran suka bi. Labulen falo mafi tsada a Gwallaga ya tashi sama, ya yi juyi, ya sauka a kan 'yan majalisa da baburansu. Tunkiya ta ja sandar zinariya ta yi cikin lungu da ita. Kafin a ce me, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Jama'a suka nemi mafaka. Kaka Matta ta yunƙura, ba ta tashi ba. Ta sake yunƙurawa, motar ce kawai ta girgiza.

"Ku cire ni! Ladan, cire ni, ɗan banza!"

"Kaka, kwantar da hankalinki, akwai rufi na biyu!"

Ya faɗa ciki ya danna maɓallin. Yagaggen tsumman nan ya taso da kukansa, ya ture wa Kaka ɗankwali, ya tsaya cak a kanta. Ruwan da zai zuba a ko'ina sai ya tara shi wuri guda, ya zame masa indararo, yana kwarara a tsakiyar kan tsohuwa. Ladan ya murɗa makulli don ya ja ta zuwa inuwa, injin ya yi tari ya mutu. Ga motar ta tare hanyar da ruwan lungun yake bi, sai ruwan ya juya ya nufi zauren Baffa Hammajoda. Dattawa suka naɗe tabarma suka ɗage riguna. Mata suka yi kan buhun gero.

Sai da mata huɗu suka kama hannuwan Kaka, Mansir yana danne motar ta ɗaya gefen, sannan ta fito, takalmi ɗaya, mariƙin ƙofa a hannunta. Ta miƙa wa Ladan.

"Ungo. Ka haɗa da sauran."

Masu kallo daga ƙarƙashin rumfuna suna dariya har da riƙe ciki. Sai muryar Inna Fatu ta fito daga zaure, ba ta ko ɗaga ta ba.

"A mayar da kaya ciki."

Mata suka fara kwashewa. Baho ya koma, akwatuna suka koma. Ladan yana tsaye a tsakiyar ruwa, hula ta lanƙwashe a kan kunne, yana kallon kayan matarsa suna shigewa ɗaya bayan ɗaya. Dariyar mutane ta fara raguwa, don ko wanda ya fi kowa jin daɗin abin ya ga fuskarsa ya ji tausayi. Ya buɗe baki, 'yan majalisa suka kasa kunne su ji wace ƙarya ce za ta fito. Ba abin da ya fito. Ya cire takalmi, ya shiga zauren, ya durƙusa a cikin ruwan da motarsa ta koro.

"Inna," ya ce, bai bi ta bakin kowa ba. "Motar ba ta yi ba. An gaya mini, ban ji ba. A yi mini duk faɗan da za a yi. Amma don Allah kada a ƙara mini wata arba'in. Gidan nan in na shiga ba ya zaunuwa."

Inna ta juya ta shige. Ladan ya yi atishawa, ya sake yi, jikinsa ya kama rawa.

Kaka Matta, wadda ta sauya zani ta dawo, ta tsaya a kansa. "Ga mai jego nan kuma sanyi ya shige shi. Ku kawo sauran ruwan zafin nan!"

Aka kai masa bokiti bayan gida, har da ganyen darbejiya a ciki, wai kada a yi asararsa. Ya fito cikin wata tsohuwar rigar Baffa da ta tsaya masa a gwiwa, aka lulluɓa masa bargo, aka zaunar da shi a kan turmi, aka danƙa masa ƙwaryar kunun kanwa mai zafi, irin wanda ake dama wa masu jego. 'Yan majalisa suka leƙo zauren ɗaya bayan ɗaya.

"Barka da arba'in, Malam Ladan."

"Ya ƙarfin jiki? Ruwan nono ya zo?"

Ladan ya sunkuyar da kai ya kurɓi kunu. Kunnensa yana cikin gida, inda yake jin muryar Ruƙayyatu ƙasa-ƙasa tana magana da mahaifiyarta. Bai ji abin da take cewa ba, amma ta daɗe tana yi. Ruwa ya tsagaita. A waje agwagin maƙwabta sun gano motar, sun hau suna wanka a tsakanin kujeru.

Can sai ga Inna Fatu a bakin ƙofar ciki. Ta dubi bango kamar yadda ta saba.

"Kaka, a fito da kayan."

"Kin fasa riƙe ta?"

"In na bar yaron nan shi kaɗai a gida wata arba'in, Allah kaɗai ya san abin da zai sayo."

Mansir bai jira an aike shi ba, ya fita bakin titi ya taro kekuna. Aka loda gero da shinkafa a ɗaya, aka kamo tunkiya aka sa ta da baho a wani. Na ƙarshe aka sauke masa tamfol ta kowane gefe saboda sanyi. Ruƙayyatu ta fito lulluɓe, ta shiga ta zauna a can gefe. Kaka Matta ta zauna a tsakiya da jaririya a ƙunshe cikin tawul. Ladan ya raɓa ta bakin ƙofa da bargonsa, bai ko kalli inda jar motar take ba.

Da suka fita daga lungun suka hau titi, Kaka ta leƙa ta ga tamfol ya rufe ko'ina, mai keke kuma hankalinsa yana kan hanya. Ta zunguri Ladan da gwiwar hannu.

"Ungo, riƙe mini. Hannuna ya gaji, kai ka ja mini. Ba mai ganinka."

Ya karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ga ɗumi, ga ƙamshin turaren wuta. Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, ta kama bakin bargon ta riƙe. Daɗi ya cika Ladan har ya ji ƙwalla ta taho masa. Ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Ke dai ki yi sauri ki girma," ya raɗa mata. "Wallahi ranar da za ki fara zuwa makaranta, irin abin da zan kai ki a ciki, duk Bauchi ba a taɓa..."

"Malam," in ji Ruƙayyatu daga cikin mayafi.

"Na'am."

"Yi shiru."

Ladan ya gyara wa 'yarsa tawul, ya yi shiru har gida.